Hayaƙin Taba A Cikin Taro, Da Zancen Ƙwallon Tanis

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni a jaridarmu mai farin jini. Magana biyu gare ni a wannan mako. Ta farko amsa ce ga wani akawu da ya aiko mini da takarda daga Gusau a kan shan taba. Ta biyu kuwa bashi ne da masu son ƙwallon tanis su ke bina, sun kuwa matsa mini lamba sai na biya.

Ga abin da malam akawu ya rubuto, a taƙaice. Ya ce shi mashayin taba ne, da kuɗinsa ya ke saye, da bakinsa ya ke zuƙa, ƙirjinsa ne kuma zai ɗauki abin da ya biyo baya. Saboda haka bai ga dalilin da zai sa hukuma ta hana shi kunna sigarinsa a ofis ko a tashar mota ba. Ya ƙara da cewa ga hanyoyi sun lalace, ga wuta ba ta zama, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata, a bar waɗannan duka a zo ana bin mutum a kan kara ɗaya na taba? Na gode masa da ya fito fili ya faɗi ra'ayinsa, gama mutane da yawa haka su ke gani, sai dai ba su rubutowa.

Kafin in amsa masa, bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Watan jiya na shiga motar haya daga Zariya zan tafi Kano. Mun cika maƙil, har gwiwa na gugar gwiwa. Ba mu yi nisa ba sai wani saurayi da ke zaune a gabana ya zaro kara, ya ƙyasta ashana, ya shiga busa hayaƙi. Kusa da shi akwai wata mace da jariri a cinyarta. Ba a jima ba yaron ya fara tari, uwar ta ja mayafi ta rufe masa fuska, ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Na ce wa saurayin, "Samari, don Allah ka yi haƙuri har mu sauka, ga jinjiri nan." Ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, da kuɗinka na saya?" Direba ya ji, bai tanka ba. Mu goma sha wani abu a cikin motar nan, kowa ya kama bakinsa. Sai wata tsohuwa daga can baya ta ce, "Ɗan nan, tabar taka ce, amma iskar ta mu duka ce." Nan fa aka yi ta cewa gaskiya ne, gaskiya ne, har kunya ta kama shi ya jefar da ita ta taga.

To, malam akawu, amsarka ke nan, tsohuwar nan ta riga ni ba ka. Da a ce hayaƙin yana tsayawa a ƙirjin mai sha, da maganarka ta yi ƙarfi. Amma hayaƙi ba ya tambayar wanda ya biya kuɗi. Duk wanda ke cikin ɗaki da kai, yana sha tare da kai, ko ya so ko ya ƙi.

Kada ka zaci ina wannan magana ne don ni tsarkakakke ne. A'a, wallahi. Shekara ashirin da biyu na yi ina shan taba, tun ina sabon malamin makaranta. A ɗakin malamai mu kan busa har ba ka ganin allon sanarwa sosai, a gida kuma haka. Ina da 'ya wadda ta tashi da ciwon fuka, ko wane damina da ko wane hunturu muna hanyar asibiti. Wata rana da dare numfashinta ya sarƙe, mu ka kwashe ta a guje. Da likita ya gama dubanta, sai ya juyo ya ce, "Malam, wa ke shan taba a gidanku?" Kwalin yana cikin aljihun rigata a sa'an nan. Ban taɓa jin nauyin tambaya kamar wannan ba. Ban daina a rana ɗaya ba, na fāɗi na tashi ya fi sau uku, amma da taimakon Allah na rabu da ita. Yarinyar ta girma, tana ɗakin mijinta, ciwon kuwa ya yi sauƙi ƙwarai tun da hayaƙi ya bar gidan. Saboda haka ni ba jita-jita na ke ba ku ba, gani ya kori ji.

Amma kada a ce labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, bari mu duba abin da masana su ka tabbatar. A shekarar 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Ricad Dol da Biradfod Hil, su ka bayyana bincikensu wanda ya nuna dangantaka tsakanin shan sigari da ciwon daji na huhu. A 1964 babban likitan Gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto wanda ya ƙarfafa wannan magana. Sa'an nan a 1981 wani likita na Japan mai suna Hirayama ya bi matan aure waɗanda ba su shan taba amma mazansu na sha, ya tarar ciwon daji na huhu ya fi kama su bisa matan da mazansu ba su sha. Ku lura, jama'a, waɗannan mata ba su taɓa sa kara a baki ba, zaman ɗaki ɗaya ne kurum ya ja musu. An ƙididdige cewa a cikin hayaƙin taba akwai sinadari fiye da iri 7,000, wajen 70 daga cikinsu an san suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 ko wace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba mashaya ba ne, hayaƙin wani ne ya cim musu.

Wannan shi ya sa ƙasashe su ka tashi tsaye. A ran 29 ga Maris 2004 ƙasar Ailan ta zama ta farko a duniya da ta hana shan taba a cikin dukan wuraren aiki, har da gidajen abinci da mashaya. Masu waɗannan wurare sun yi ta kuka, wai kasuwarsu za ta mutu, wai mutanen ƙasar ba za su bi ba. Ga shi an shekara fiye da ashirin, dokar tana nan, jama'a sun saba. Sukotlan ta bi sahu a 2006, Ingila a ran 1 ga Yuli 2007. A Sukotlan likitoci sun ƙirga waɗanda aka kwantar a manyan asibitocinsu saboda ciwon zuciya na farat ɗaya, kafin doka da bayanta, su ka ga sun ragu da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mafi yawan waɗanda su ka tsira ɗin nan ba mashaya ba ne. Ashe doka ɗaya ta yi aikin da ɗakunan asibiti da yawa ba su yi ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Mu nan Nijeriya ba doka mu ka rasa ba, wannan shi ne abin takaici. Tun a 1990 Gwamnatin soja ta kafa dokar hana shan taba a waɗansu wuraren taruwar jama'a. A 2005 Nijeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar ƙasashen duniya ta yaƙi da taba. A 2014 Jihar Ikko ta yi tata dokar. A 2015 Shugaba Jonatan ya sa hannu a kan babbar dokar ƙasa baki ɗaya, aka kuma fitar da ƙa'idodin aiki da ita a 2019. Dokar nan ta hana shan taba a makarantu, da asibitoci, da motocin haya, da filayen wasa, da gidajen abinci, da makamantansu. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali ɗungum. Wanda aka kama yana sha inda aka hana, hukuncinsa tarar naira 50,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu.

To, ina tambayar masu karatu, tsakaninku da Allah, a cikinku wa ya taɓa ganin an tsare wani a kan wannan? Ku fita ƙofar gidanku yanzu, za ku sami mai tireda yana sayar da kara ɗaya-ɗaya, har ya ara wa mai saye ashana. Babba ya kan aiki yaro ɗan shekara bakwai ya sayo masa, mai tireda ya miƙa ba tambaya. Saurayin nan na cikin mota na tabbata bai san ya karya doka ba, direban ma haka. Dokar da ta kwanta a cikin takarda a Abuja, ba ta iso tasha ba, ba ta iso teburin mai shayi ba, wane jariri za ta tsare?

Ga shawarata, ko da ya ke ni ba kowa ba ne. Da farko, a kafa alluna a ko wace tasha, da ko wane ofis, da ko wane asibiti, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, da hoton da wanda bai yi karatu ba zai gane. A riƙa faɗa a rediyo kamar yadda a ke shelar allurar rigakafi. Mutum ba ya bin dokar da bai taɓa ji ba.

Na biyu, a ɗora nauyin a kan mai wuri. Ba mu da 'yan sandan da za su bi ko wace mota, ba ma kuwa so a mai da abin wata hanyar karɓar na goro. Amma ko wace tasha tana da shugabanni, maganarsu kuwa direbobi na ji. Ko wane ofis yana da babban akawu, ko wace makaranta tana da hedimasta. In shugaban tasha ya ce duk direban da ya bari aka sha taba a motarsa zai rasa layinsa na yini guda, kafin mako ya zagayo an daina. Ku 'yan'uwana malaman makaranta, ku fara da kanku. Yaro ba ya jin abin da ka faɗa a aji kamar yadda ya ke ganin abin da ka yi a bayan aji. Malamanmu na zaure kuma, ku a ke saurara in an zo zancen haƙƙin maƙwabci, to, wanda ke zaune kusa da kai a mota maƙwabcinka ne har ku sauka.

Na uku, kada a wulakanta mashayi. Na san halin da ya ke ciki, na ɗanɗana. Akwai wani sinadari a cikin taba mai suna nikotin, shi ke kama jiki har mutum ya ji in bai sha ba kansa zai tsage. Yawancin mashaya sun fara ne tun suna samari, kafin hankali ya game jikinsu, da yawansu kuma suna so su bari sun kasa. A keɓe musu wuri a waje, a sarari, nesa da ƙofa da taga. A asibitoci kuma a sami wanda zai ba mai son dainawa shawara da magani. Tsawa kaɗai ba ta raba mutum da abin da ya shekara ashirin yana yi.

Na san akwai manoman taba a ƙasar nan, akwai masu tireda da ke samun ɗan abin cefane da ita, ban manta da su ba. Haƙƙi ne a kan hukuma ta nuna wa manomi abin da zai shuka a madadinta, ta kuma taimake shi da iri da kasuwa. Amma dokar hana sha a taro ba ta ƙwace gonar kowa ba, ba ta kuma hana malam akawu shan tabarsa ba. Cewa ta yi kurum ya fita da ita waje. Zancen hanya da wuta da albashi kuwa, gaskiyarka, malam, muna kuka tare da kai. Sai dai gyaran hanya yana bukatar miliyoyin kuɗi, kashe sigari a cikin mota kuwa ko kwabo ba ya ci. Don an kasa babban aiki ba a barin ƙarami.

Yanzu bari in juya ga masu tanis, kada su ce na gudu. Ko kun san taba da tanis sun taɓa zama 'yan gida ɗaya? A 1970, a birnin Hustan na Amurka, mata tara 'yan wasa, cikinsu har da Bili Jin Kin, su ka ɓalle su ka kafa gasarsu saboda ladan da a ke ba mata bai kama ƙafar na maza ba. Wanda ya ɗauki nauyin gasar nan kuwa kamfanin sigarin Virginia Slims ne, aka yi shekaru ana buga ƙwallo ƙarƙashin sunan taba. Ku dubi wannan abu, wasan da ke bukatar huhu lafiyayye ya zama allon tallar abin da ke cin huhu! Yau ƙasashe da yawa sun hana irin wannan talla, dokarmu ta 2015 ma ta hana. Duniya ta kan gyaru, sannu ba ta hana zuwa.

Gasar da a ke so in yi hasashe a kanta ita ce Wimbildon, wadda a ke yi a Landan cikin mako biyu, daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ita ce mafi tsufa a cikin manyan gasa huɗu na duniya, an fara ta a 1877, ita kaɗai kuma a cikinsu a ke bugawa a kan ciyawa, 'yan wasa duka cikin fararen tufafi. Saboda waɗanda ba su san wasan ba: mutum 128 ke shiga a gefen maza, haka a gefen mata, wanda aka ka da ya tafi gida, saboda haka sai ka ka da mutum bakwai a jere kafin ka ɗauki kofi. Maza su kan yi turmi biyar, wanda ya riga cin uku ya yi nasara, mata kuwa turmi uku, mai cin biyu ta wuce. A kan ciyawa ƙwallo ta kan zame da sauri, ba ta tashi sama sosai, don haka mai ƙarfin bugun farko ya fi jin daɗinta.

Sai in fara da amsa laifina. A 2025 na rubuta a wannan fili cewa Karlos Alkaras na Sifen zai ɗauka, har na cika baki. Ina da dalili, gama shi ya ci a 2023 da 2024, duka biyu a kan Nobak Jokobic, ya kuma ka da Yanik Sina na Italiya a gasar Faransa ta 2025 bayan fafatawar sa'a biyar da kusan rabi, alhali sau uku Sina yana bakin gama wasan. Ashe ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Da su ka sake gamuwa a Landan bayan mako biyar, Alkaras ya ci turmin farko, Sina ya kwashe uku a jere, ya zama mutumin Italiya na farko da ya ɗauki kofin. Wani tsohon almajirina da ke buga tanis a Kano har yau in mun gamu sai ya tambaye ni ina duban nawa.

Duk da haka ga abin da na hango a Wimbildon mai zuwa, in Allah ya ba su lafiya su ka shiga, gama rauni ya kan ka da gwani tun bai taka fili ba. A gefen maza ban ga na ukun da zai raba waɗannan samari biyu ba. Alkaras, haifaffen 2003, ya fi dabara iri-iri, ya iya sakin ƙwallo a hankali ta faɗi dab da raga, ya iya rugawa gaba, amma wani lokaci hankalinsa ya kan ɗauke a tsakiyar wasa. Sina, haifaffen 2001, ba shi da yawan ado, bugunsa miƙaƙƙe ne mai nauyi, ba ya kuwa gajiya da mayarwa, irin wannan bugu kuma ciyawa na ƙara masa kaifi. A wannan karo Sina na ba. Jokobic na Sabiya, mai kofin Wimbildon bakwai, ba a raina shi, tsohon zaki ko ya kwanta ba a taka wutsiyarsa. Amma an haife shi a 1987, ka da mutum bakwai cikin mako biyu kuwa aikin ƙafa ne, ba na wayo kaɗai ba. Ina ganin zai yi nisa, ba na ganin zai kamo kofi takwas na Roja Federa.

Gefen mata shi ke da wuyar duba. Daga 2017 zuwa 2025 ba macen da ta ci sau biyu, ko wace shekara sabuwar fuska, ban da 2020 da annoba ta hana wasa. A 2025 Iga Shwiyantek ta Folan ta ci wasan ƙarshe 6-0, 6-0 cikin ƙasa da sa'a guda, abin da ba a gani ba a Wimbildon tun 1911. Arina Sabalenka tana da ƙarfi kamar me, amma sau uku tana kaiwa wasan kusa da ƙarshe, a 2021 da 2023 da 2025, tana tsayawa nan. Ni dai Elena Ribakina ta Kazakistan na zaɓa, wadda ta ci a 2022, domin doguwa ce, bugunta na farko kamar harsashi, ba ta kuma da saurin ruɗewa. A zuciyata kuwa ina jin zafin Unsu Jabir ta Tunisiya, 'yar Afirka da ta kai wasan ƙarshe a 2022 da 2023, kofin ya kuɓuce mata duka biyu.

Mu ma mun taɓa leƙa wannan fili. A 1983 ɗan Nijeriya Nduka Odizo ya kai zagaye na huɗu a Wimbildon, watau ya shiga cikin mutum 16 na ƙarshe. A Kano an daɗe ana gasar Dala, yara masu hazaƙa kuwa ba su ƙare ba a ƙasar nan. Abin da su ke bukata fili ne, da mai koyarwa, da ƙirji mai lafiya. Yaron da ya tashi yana shaƙar hayaƙin ubansa a ɗaki, da na malaminsa a makaranta, da na fasinja a mota, da wane numfashi zai yi turmi biyar?

Hasashena na tanis in ya kuskure, ba abin da za a rasa sai ɗan mutuncina, na kuwa saba. Ku dai kada wanda ya sa kuɗi a kan maganata, ba caca na ke koya muku ba. Amma zancen hayaƙi a cikin taro ba hasashe ba ne, an gwada an gani. Malam akawu na Gusau, ina jiran amsarka, ƙofa a buɗe ta ke. In ka ga dama ka gwada mako guda kana fita waje in za ka sha, sa'an nan ka tambayi abokan aikinka ko sun ji bambanci, ka rubuto mana abin da su ka ce.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malamin Makaranta, Zariya.